Agogo Ɗaya Ga Kowa: Gano Matsalar Sauti Tsakanin Kayan Situdiyo da Kwamfuta

Ƙananan situdiyoyin ɗaukar murya da ake kafawa a cikin gida, irin waɗanda suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos sakamakon bunƙasar waƙa da fim, sun dogara ne a kan makirfo da kwamfuta da kuma wani ƙaramin akwati da ke tsakaninsu, wanda ake kira katin sauti, wanda aikinsa shi ne mayar da murya zuwa lambobin da kwamfuta ke iya ajiyewa. Rikici yakan taso ne idan aka ƙaro wata na'ura da ke aiko da nata sautin a lambobi, kamar mahaɗar sauti ta dijital ko akwatin ƙarin kafofin makirfo, domin a lokacin ne ake jin ƙas-ƙas a cikin waƙa, ko murya ta sauya kama, ko kuma a yi tsit gaba ɗaya. Mutane da yawa sukan ɗauka na'urar ce ta lalace har su nufi wajen mai gyara, alhali galibi kowace lafiyarta lau, rashin jituwa ne kawai a tsakaninsu.

Jituwa ta farko ita ce ta yawan awo, wato adadin da na'ura ke auna ƙarfin sauti a cikin daƙiƙa guda. Faifan CD yana amfani da awo 44,100, harkar fim da talabijin kuwa ta tsaya a kan 48,000. Idan aka ɗauki murya a kan na farko aka kunna ta a kan na biyu ba tare da an juya ta ba, za ta ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta sirance, kuma a aikin fim motsin leɓe ya daina dacewa da magana. Saboda haka wajibi ne a duba cewa manhajar ɗaukar sauti da katin sauti da na'urar da aka jona duk suna kan lamba ɗaya.

Sai dai daidaita lambar kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne mafi yawan masu koyon aikin suke tuntuɓe. Kowace na'urar dijital tana da agogo a cikinta, wani ɗan ƙanƙanen dutsen lantarki da ke ba da umarnin lokacin da za a yi kowane awo, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai wa daida, ko da an rubuta 48,000 a kan kowannensu. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma yana taruwa, har ta kai mai karɓa ya tsallake awo ɗaya ko ya maimaita shi, kunne kuma ya ji abin a matsayin ƙas. Lamarin ya yi kama da lugude a turmi ɗaya, inda taɓare ke karo da zarar ɗaya daga cikin masu dakan ta saki kiɗan ta kama nata. Magani shi ne a zaɓi na'ura ɗaya ta zama jagora, a bar ta a kan agogonta na ciki, sauran kuma a umarce su da su bi agogon da ke zuwa musu ta waya. A sauƙaƙan haɗi mai waya ɗaya, mai aikawa ne jagora, tun da bugun agogon a cikin sautin yake tafiya. Idan na'urorin sun yi yawa akan ja wa agogon wayarsa ta daban. Yawancin katunan sauti suna da fitila ko rubutu a manhajarsu da ke nuna cewa agogon ya kamu, kuma wannan alama ta cancanci a duba ta kafin a zargi komai.

Wayoyin su ma suna yaudara, domin kamannin baki ba ya nufin harshen ɗaya ne. Tsarin S/PDIF, wanda kamfanonin Sony da Philips suka samar, yana ɗaukar layin sauti biyu, ko dai ta wayar tagulla mai ƙarfin turjiya om 75, ko ta wayar haske ta TOSLINK wadda kamfanin Toshiba na Japan ya ƙirƙira. Tsarin ADAT na kamfanin Alesis kuwa yana bi ta wannan wayar hasken, amma layi 8 yake ɗauka a awo 48,000, su ragu zuwa 4 a awo 96,000. Idan wannan gefe yana aika ADAT, wancan kuma an saita shi a kan S/PDIF, wayar za ta shiga daram, jan hasken zai bayyana a bakinta, amma ba za a ji komai ba. Haka nan wayar makirfo tana shiga kafar tsarin dijital na AES/EBU, wadda ke buƙatar waya mai om 110, kuma ko da yake takan yi aiki a gajeren zango, ba abin dogaro ba ce idan tazarar ta yi nisa.

A ɓangaren kwamfuta, mai amfani da Windows ya kamata ya girka direban ASIO na kamfanin da ya ƙera katin, wato manhajar da ke sada katin da shirin ɗaukar sauti kai tsaye. Akwai kuma ma'ajiyar jira, inda awo ke taruwa kafin kwamfuta ta sarrafa shi: awo 128 a kan 48,000 yana jawo jinkirin da bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, abin da ke yi wa mawaƙi daɗi lokacin ɗauka, amma yana iya fin ƙarfin tsohuwar kwamfuta har sauti ya riƙa yankewa. Wannan yankewar tana ƙaruwa idan aiki ya yi nauyi, tana ɓacewa idan aka ɗaga lambar zuwa 512, ƙas-ƙas ɗin agogo kuwa ba ruwansa da nauyin aiki, kuma ta haka ake bambance su. Jona katin a kan marabar USB mai baki da yawa shi ma yakan rage masa wuta.

Gurnanin da ke fitowa daga lasifika ba ya cikin wannan sahu, domin daga wutar lantarki yake zuwa, wadda a Nijeriya da Nijar take juyawa sau 50 a daƙiƙa, musamman idan kwamfuta da lasifika suna kan soket daban-daban. Cire cajar kwamfutar tafi-da-gidanka na ɗan lokaci yakan tona asirinsa, kuma wayar haske, da yake ba ta ɗaukar lantarki, tana yanke hanyar da yake bi tsakanin na'urori biyu.