Yadda haske yake sauya siffar bakteriya

Akwai wata bakteriya ta ruwan daɗi mai suna Fremyella diplosiphon wadda ba ta da siffa guda tsayayya. Ƙwayoyinta a jere suke, ɗaya na manne da ɗaya, su yi zare. Idan aka rene ta a ƙarƙashin koren haske, ƙwayoyin sukan miƙe, zaren ya ƙara tsawo, launinsa ya yi ja-ja. Da an mayar da ita ƙarƙashin jan haske sai ƙwayoyin su dunƙule, zaren ya gajarce, launin ya koma kore mai sirkin shuɗi. Tana cikin dangin sayanobakteriya, masu haɗa abincinsu da hasken rana kamar yadda tsirrai suke yi, kuma danginta ne suka fara cika sararin duniya da iskar oksijin fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce. A ganina wannan sauyin siffa aiki ne da ƙwayar take yi da kanta, bisa labarin da haske ya kawo mata game da inda take.

Sauyin launi aka fara ganewa. Tun a 1902 wani mai bincike, Gaidukov, da yake bin sawun tunanin wani masani mai suna Engelmann, ya bayyana shi a wata sayanobakteriya, kuma dalilinsa a fili yake. Sinadarin launi mai shuɗi, fikosayanin, jan haske yake kamawa. Mai ja, fikoeritirin, koren haske yake kamawa. Shi kuwa ruwa jan haske yake fara shanyewa, ya bar kore da shuɗi su nutsa ƙasa. Ke nan launin hasken da ya iso ga ƙwaya yana gaya mata zurfin da take: ja mai yawa yana nufin tana kusa da sama inda rana ke da kaifi, kore zalla kuma yana nufin ta yi ƙasa inda haske ya yi ƙaranci. A 1973 wasu masu bincike, Bennett da Bogorad, suka rubuta cewa siffar ƙwayoyin Fremyella ma tana sauyawa tare da launin.

Mai shakka zai ce ai wannan lahani ne kawai: haske ya gallabi ƙwaya ta kumbura, sai mu ɗauki rauni a matsayin dabara. Maganar tana da tushe, domin an auna cewa gurɓatattun sinadaran oksijin masu lalata ƙwaya sun fi taruwa a cikin Fremyella a ƙarƙashin jan haske. Sai dai gwajin ƙwayoyin gado ya amsa ta. A 1996 David Kehoe da Arthur Grossman suka gano furotin mai suna RcaE, wanda yake tantance ja da kore. A 2008 Beronda Montgomery, wadda a lokacin take Jami'ar Jihar Mishigan da ke Amurka, tare da Juliana Bordowitz, suka nuna cewa idan aka lalata ƙwayar gadon da ke samar da RcaE, ƙwayoyin sukan zauna a dunƙule ko da a koren haske ne. Hasken bai canza ba, abin da ke karanta shi aka cire, miƙewar ta tsaya. Daga baya ɗakin binciken nata ya bi sarƙar umarnin zuwa ƙasa: a jan haske wani furotin, BolA, yana ƙaruwa ya danne samar da MreB, wanda shi ne yake tsara ginin bangon ƙwaya ta yi tsawo, a koren haske kuwa RcaE yana rage BolA, MreB ya samu sarari, ƙwaya ta miƙe. Kumburin rauni ba ya buƙatar irin wannan jerin umarni.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi: ko da ƙwayar ce take sarrafa siffarta, me take samu? Nuna cewa ana sarrafa abu daban, nuna amfaninsa daban, kuma bai kamata a haɗa su da gaggawa ba. Amma lissafi yana goyon bayan amfani. A cikin duk siffofi masu girman ciki ɗaya, dunƙulalliya ce mafi ƙarancin faɗin jiki, doguwa kuwa ta fi ba haske wurin sauka. Mai shanya gero yakan baza shi sosai ranar da rana ba ta da ƙarfi. Haka ƙwayar da ke zurfi take miƙewa, ta sama kuma ta tattare jikinta. An kuma ga cewa ƙara ƙarfin haske shi ma yana sa ƙwayoyin Fremyella su ƙara dunƙulewa, abin da ya dace da wannan fassara. Wata hujjar cewa siffa tana yin aiki da haske ta fito a 2016, lokacin da Nils Schuergers, Annegret Wilde, Conrad Mullineaux da abokan aikinsu suka binciki Synechocystis, ƙwaya zagayayya mai faɗin kusan maikuromita 3. Jikinta yana tattara hasken da ya shigo ta gefe ɗaya ya zama ɗigo mai kaifi a ɗaya gefen, da haka take gane inda hasken ya fito, ta ja kanta zuwa can da wasu siraran gasu. Zagayen jikinta shi ne idonta.

Wannan magana ta shafi yankin Tafkin Chadi kai tsaye. Dihe, wanda matan Kanembu suke tacewa daga tafkunan kanwa na yankin Kanem, su shanya a kan rairayi, a yi miya da shi, sayanobakteriya ce mai suna Arthrospira, wadda kasuwar duniya ta sani da sifirulina. Zarenta murɗaɗɗe ne, kuma murɗin yana bin haske: wani bincike da aka yi a ƙasar Sin a 2005 ya nuna cewa ɓangaren hasken rana mai ƙona fata yana sa murɗin ya matse, ta yadda zaren ke yi wa kansa inuwa, idan ya yi yawa kuma ya kakkarya zaren. Da yake tacewa ake yi a girbe shi, kuma guntun zare ya fi saurin sulalewa ta ramukan mataci, duk mai son noma sifirulina a rana irin ta Sahel dole ya kula da zurfin ruwansa, da kaurinsa, da yawan motsa shi.