Cutar Mayasiteniya da Hikimar Sauya Ruwan Jini

A ƙasar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, in aka ga mutum ya tashi da safe garau, amma kafin la'asar fatar idonsa ta rufto, muryarsa ta koma ta hanci, tauna ta gagare shi, akan ce gajiya ce ko sammu. Wani lokaci kuwa cuta ce da likitoci ke kira mayasiteniya girabis, watau matsanancin raunin tsoka. Babbar alamarta ita ce raunin yana ƙaruwa da aiki, yana raguwa da hutu.

Kafin gaɓa ta motsa, sai jijiyar saƙo ta fesa wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuwa ya sauka a kan wasu 'yan ƙofofi da ke jikin tsoka. A wannan cuta jijiya lafiyarta lau, sinadarin ma yana fita, ƙofofin ne suka ragu. Manoman Arewa sun daɗe da sanin irin wannan rauni ta wata hanya dabam, domin dafin wani jinsin gamsheƙa waɗannan ƙofofi yake toshewa. A 1976 Dokta David Warrell da abokan aikinsa, waɗanda suka yi bincike a Zariya, sun bayyana yadda wanda wannan maciji ya sara idonsa ke ruftowa, numfashi ya yi masa wuya.

Abin mamaki, dafin macijin ne ya tona asirin cutar. Da yake yana manne wa ƙofofin tamau, masana suka yi amfani da shi suka tsamo su daga jikin wani kifi mai wutar lantarki, mai ɗabi'a irin ta minjirya. A 1973 Patrick da Lindstrom, a Amurka, suka yi wa zomaye allurar waɗannan ƙofofi, sai zomayen suka kwanta da rauni iri ɗaya da na mai mayasiteniya. Wannan ya gaskata hasashen da Simpson ya yi tun 1960, cewa garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita baya.

Dakarun garkuwar jiki fararen ƙwayoyin jini ne. Ƙwayoyin T suna samun horo a wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, inda ake koya musu bambanta na gida da baƙo. Ƙwayoyin B kuwa su ne maƙera, su ke ƙera makaman da ke yawo cikin jini, galibi bisa izinin ƙwayoyin T. In horo ya ɓaci, sai a ƙera makami a kan ƙofofin tsoka, ya toshe wasu, ya lalata wasu. Ana samun wannan makami a jinin kimanin kashi 85 cikin ɗari na waɗanda cutar ta game jikinsu, kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na majiyyata suna da ƙari a taimos ɗin.

To, tun da makaman a cikin ruwan jini suke, watau filasma, ashe ana iya kwashe su. A 1976 Pinching da Peters da Newsom-Davis suka nuna haka a Landan. Akan ja jinin majiyyaci zuwa cikin na'ura, ta ware ruwan daga ƙwayoyin, a zubar da ruwan, a mayar masa da ƙwayoyinsa tare da wani ruwa mai tsabta. Kowane zama akan sauya lita 2 zuwa 3, kuma akan yi zama kamar 5 cikin mako biyu. Cikin 'yan kwanaki wanda ba ya iya haɗiyar kunu sai ya haɗiye.

Sai dai makami aka kwashe, maƙerin yana nan a maƙerarsa. Bayan 'yan makonni jini kan sake cika da abin da aka zubar. Saboda haka sauya ruwan jini dabara ce ta ceto a lokacin da numfashi ke neman tsayawa, ko gabanin tiyatar cire taimos, amma magani mai ɗorewa shi ne wanda ke lafar da ƙwayoyin kansu, kamar furedinisolon da azatayofurin. Ga shi kuma aikin yana da tsada, yana bukatar na'ura da ƙwararru irin na manyan asibitocin koyarwa, kuma yana iya jawo faɗuwar jini ko shigar ƙwayar cuta ta hanyar bututu. Maganin yau da kullum mai ƙara ƙarfin tsoka, firidositigimin, shi ma yana da tushe a ƙasar nan, domin kakansa daga waken Kalaba aka samo shi, wanda Dokta Mary Walker ta gwada a Ingila a 1934.

Ga mutumin Maigatari, babban haɗari yana kusa da gida. Kwinin da kulorokwin, da allurar jentamaisin, da sifurofulokzasin, duk suna iya tsananta cutar, ga su kuwa a hannun masu sayar da magani a kasuwa. Mai wannan rauni in zazzaɓi ya kama shi, wajibi ne ya faɗa wa ma'aikacin lafiya kafin a yi masa allura. In kuwa ruwa ya fara sarƙe shi, ko kwanciya rigingine ta hana shi numfashi, to, a ranar ya kamata a kai shi asibitin Gumel, domin a tura shi Dutse ko Kano.