Zanen Labarin Ɗori: Daga Fensir da Tawada Zuwa Gilashin Waya

Labarin ɗori shi ne ƙagaggen labarin da mai karatu ko mai kallo yake rubutawa a kan wani labari da ya riga ya shahara, inda yakan ari taurarin da wani marubuci ya ƙirƙira, da garinsu da halayensu, ya ɗora musu sababbin al'amuran da mai labarin na asali bai kawo ba. Turawa suna kiransa fan fiction, wato ƙagen magoya baya. Idan ɗalibi ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, sannan ya zauna ya tsara wata sabuwar haɗuwa tsakanin taurarinsa Alhaji Imam da Malam Zurƙe a wani garin da littafin bai ambata ba, to ɗori ya yi. Irin wannan rubutu bai cika tafiya shi kaɗai ba, domin wanda ya ƙaunaci tauraro har ya ƙara masa labari yakan so ya ga fuskarsa, kuma daga wannan buƙata ce sana'ar zanen labarin ɗori ta samo tushe, da hannu a kan takarda da farko, daga baya kuma a kan kwamfuta da wayar hannu.

A Amurka ana yawan danganta farkon wannan al'ada a sigarta ta zamani da ƴan ƙananan mujallun da masoya shirin talabijin na Star Trek suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu, waɗanda ta farkonsu, Spockanalia, ta fito a 1967. Da yake injin gurzar takardun da suke amfani da shi ba ya ɗaukar inuwa ko launi da kyau, dole masu zanensu suka ƙware a baƙin layi zalla. A Japan kuwa, kasuwar Comiket da aka fara a Tokiyo a 1975 ta zama dandalin da masu zane ke sayar da littattafan da suka ɗora a kan taurarin wasu, kafin intanet ta zo da FanFiction.net a 1998 da Wattpad a 2006 ta rage buƙatar maɗaba'a. Amma misalin da ya fi nuna ƙarfin mai zane ya girmi duk waɗannan. Lokacin da Sidney Paget ya fara zana ɗan binciken nan Sherlock Holmes a mujallar Strand ta Ingila a 1891, shi ne ya ɗora masa hular nan mai baki gaba da baya wadda duniya ta san shi da ita yau, alhali marubucin bai ambaci sunan hular ba. Marubuci ne ke haifar tauraro, amma sau da yawa mai zane ne ke yanka masa tufafin da zai rayu a cikinsu.

Ɗori ba baƙo ba ne a adabin Hausa, ko da yake ba a raɗa masa suna ba. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930 a ƙarƙashin hukumar talifi ta Zariya, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da labarin aku mai ba da hikaya na Indiya, ya sanya musu rawani da babbar riga har mai karatu ba ya jin ƙamshin baƙunta. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya samo asali ne daga jarumin almarar Rasha, haka kuma labarin Malikussaif da Aliyu Abubakar Sharfaɗi ya yaɗa a tsakanin matasa tsohuwar hikayar Larabawa ce. Abin lura a nan shi ne, waɗannan marubuta sun ari ƙashin labari ne kawai, tsoka da fata kuwa na gida suka sa masa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna mai zanen yau.

Inda zanen hannu ya fi samun kasuwa shi ne zamanin littattafan soyayya da suka ɓullo a tsakiyar shekarun 1980, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu a muhawarar da ta biyo baya a jaridu. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda In Da So Da Ƙauna nasa ya fito a farkon shekarun 1990, su ne suka riƙa kai rubutunsu maɗaba'a da kansu, saboda haka bangon littafi shi ne tallar da marubuci ke da ita a rumfar mai sayarwa, inda littattafai ke jere kafaɗa da kafaɗa. Bangon farko-farko zanen hannu ne, da launi kaɗan, domin kowane ƙarin launi ƙarin faranti ne a inji, ƙarin kuɗi kuma a aljihun marubuci. Akwai kurakurai a cikin yawancinsu, hannu ya fi ƙima tsawo ko ido ya karkace, amma budurwar da ke jiki ƴar unguwa ce, da ɗaurin ɗankwalinta da gyalenta, saurayin kuma da hularsa da kaftaninsa. Da kwamfuta ta shigo maɗaba'u, manhajoji irin su CorelDraw da Photoshop suka samu, sai hoton da aka yanko daga wani wuri ya fara korar zane, tun da ya fi araha kuma ya fi sauri. Tarin waɗannan littattafai da Graham Furniss ya adana a makarantar SOAS ta Landan ya isa shaida ga mai son ganin yadda sauyin ya gudana.

Yau littafin Hausa ya koma waya. Ana rubuta shi babi-babi ana turawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad, kuma da yawa daga cikinsa ɗori ne ko da marubuciyar ba ta faɗa ba, domin an gina shi ne a kan fim ɗin Indiya ko shirin Koriya ko na Turkiyya, ko kuma a kan taurarin wani shiri mai dogon zango na Kannywood. Abin takaici shi ne bangon da ke rakiyar irin waɗannan labarai, inda za a ga sunan tauraruwa Hausa, garinta Kano ko Jos, amma fuskar da aka liƙa ta wata ƴar wasan Mumbai ce, an rubuta sunan littafin a kanta da harafi mai ƙyalli. Wato an juya tsarin Abubakar Imam ke nan, labarin ya zama na gida, fuskar ta zama ta aro.

Garin Jos yana da abin cewa a wannan batu fiye da yadda ake zato. A yankin da ke kudu maso yammacin tsaunukansa ne masu haƙar kuza suka tono sassaƙen yumɓu na al'adar Nok, waɗanda Bernard Fagg ya gane muhimmancinsu a shekarun 1940, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952 inda ake adana irinsu. A nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da cibiyarta ta koyar da aikin fim suke, kuma garin ya ba masana'antar fim ɗin Hausa fitattun mutane irin su Sani Mu'azu. Mai koyon zane da ya tsaya a Tina Junction, mahaɗar da ke Jos ta Arewa kusa da Unguwar Rukuba, zai ga abin da babu wani hoton intanet da zai ba shi: duwatsun da suka hau kan juna a bayan gidaje, da masu keke Napep suna jiran fasinja, da mutane cikin rigunan sanyi da hular ulu a safiyar hunturu, tun da garin yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200, da kuma fuskoki iri-iri na Afizere da Anaguta da Birom da Hausawa da Fulani, waɗanda Hausa ce ke haɗa su ciniki. Tauraruwar labarin da aka ce ƴar Jos ce, amma aka zana ta cikin shigar da ba ta san sanyi ba a gaban fili mai rairayi, ba ƴar Jos ba ce, ko da marubuciya ta rantse.

Aikin hannu yana farawa ne da karatu, ba da fensir ba, domin wajibi ne mai zane ya tsamo daga labarin asali duk abin da aka faɗa game da tauraro, kamar shekarunsa da tsawonsa da tabon da ke goshinsa, saboda masoya labari ba sa yafe wa wanda ya canja musu abin da suka haddace. Daga nan sai ya yi ƴan ƙananan gwaje-gwaje da ba su wuce girman akwatin ashana ba, don ya tsayar da inda kowa zai tsaya da inda sunan littafi zai zauna. Idan ya zaɓi ɗaya sai ya faɗaɗa shi da fensir mai tauri wanda ba ya baƙanta takarda, yana fara jiki da ƙwallaye da sanduna kafin ya sa tufafi, bisa ƙa'idar da masu koyar da zane ke bayarwa cewa tsawon baligi ya kai kimanin tsawon kansa sau bakwai da rabi. Bayan haka ne tawada ke bi ta kan fensir, kuma a nan ake gane gwani, domin layin da ke gefen inuwa yakan yi kauri, na gefen haske ya yi siriri, kuma tawada ba ta da magogi. Wurin da ya fi wahala ga mai zanen Hausa shi ne tufafi. Babbar riga ba ta faɗuwa kamar kwat, nauyinta a kafaɗa yake taruwa idan an naɗe hannunta, shadda mai sitati tana karyewa da kusurwa, mayafi mai laushi kuma yana kwarara, ɗinkin aska takwas kuwa yana da tsarin da duk wanda ya tashi a cikinsa zai gane in an yi masa ha'inci. Littattafan koyon zane na waje ba su koyar da wannan, sai dai mutum ya sa ƙaninsa ya sa rigar ya tsaya masa.

Zanen na'ura bai sauya ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba, abin da ya kawo shi ne sauƙin gyara. Manhajoji irin su ibisPaint a waya, da Krita a kwamfuta, da Procreate a iPad, duk suna aiki ne da tsarin falle-falle, wato tamkar a jera gilasai masu haske a kan juna, a zana layi a ɗaya, launin fata a wani, tufafi a wani, bayan fage a na ƙarshe, ta yadda idan marubuciya ta ce a mayar da atamfar shuɗiya ba sai an taɓa fuskar ba. Mai hali yakan sayi allon zane na lantarki mai alƙalami, wanda ke jin nauyin hannu ya ƙara kaurin layi, marar hali kuma ya yi da yatsa. Akwai tarko biyu da sabon shiga ke yawan faɗawa. Na farko shi ne gilashin waya yana haɗa launi ne da haske ja da kore da shuɗi, injin buga littafi kuwa da tawada huɗu, saboda haka launin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a takarda, kuma hoton da bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba yakan farfashe in an buga shi. Na biyu shi ne launin fata, domin wanda ya koya daga zanen Japan yakan ɗauki ruwan ƙasa guda ɗaya ya shafe fuska da shi ta fito kamar toka, alhali baƙar fata tana da ja-ja a kumatu, tana kuma ɗaukar hasken sama a goshi da karan hanci. Hanyar da ta fi dacewa da ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas ita ce a gama fensir da tawada a takarda, a ɗauki hotonsa da waya a bakin taga da hantsi, sannan a sa launi a manhaja.

Ba za a tsallake batun addini ba, tun da hadisan da suka yi gargaɗi game da suranta masu rai sanannu ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan iyakarsu, musamman tsakanin gunki mai jiki da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Wannan ne ya sa wasu ke zana mutum ta baya ko su bar fuska babu ido da baki, wasu kuma su koma ga gadon zayyanar allo da adon bangon gini irin na dagi, su yi bango mai kyau ba tare da mutum ko ɗaya ba.

Ta fuskar shari'a, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare aikin adabi da na zane har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kuma ta bar masa ikon sarrafa aikinsa zuwa wata siga. Ma'anar wannan ita ce mai ɗori da ya fara karɓar kuɗi a kan taurarin wani yana buƙatar izini, haka ma wanda ya liƙa fuskar ƴar fim a bangon labarin da ba ta san da shi ba yana iya jawo mata zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba, a cikin al'ummar da sunan mace ke saurin ɓaci. Dokar nan kuma ta kare shi kansa mai zanen, wanda aka daɗe ana cin guminsa, domin a littafin Hausa akan jera sunan marubuci da na maɗaba'a da na ƙawaye ashirin a shafin godiya, a manta da wanda ya yi bangon da ya sayar da littafin.

Sabon abin da ya shigo shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira, masu fitar da hoto cikin daƙiƙoƙi daga jimla ɗaya. Suna da sauri kuma suna da arha, sai dai abin da aka ciyar da su shi suke amayarwa, shi ya sa in an nemi Bahaushe sukan kawo mutum da rawanin da ba na Kano ba ba na Agadas ba, da ɗinkin da babu telan da ya san shi. Marubutan da ke neman bango su nemi matasan da ke zane a unguwanninsu, a Jos ko Kano ko Maraɗi, su yi ciniki da su kafin a fara aiki, su biya su, su kuma rubuta sunansu a ƙasan hoton.