Shin na'ura na karanta saƙonninmu? Gaskiya da ƙanzon kurege

Kun san saƙon nan da ake turawa a zaurukan WhatsApp: wai ƙirƙirarriyar basirar kamfanin Meta ta fara karanta duk abin da ake rubutawa, har hotuna da lambobin waya, don haka shugaban zaure ya yi maza ya danna wani maɓalli. Ƙanzon kurege ne. Tun Afrilun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni yadda sai mai aikawa da mai karɓa ke iya buɗewa. Meta AI, wadda ta iso Najeriya a Afrilun 2024, tana ganin abin da aka tura mata ne ko aka kira sunanta a ciki. Ƙofar da ke buɗe ita ce ta ƙara: in wani ya kai ƙararka, saƙonninka biyar na ƙarshe kan je wa kamfanin. Ɗan zaurenku ne ya miƙa su, ba na'ura ba.

A Facebook da TikTok kuwa, inda abu yake a fili, gaskiya ne na'ura ce ke fara dubawa. TikTok ya ce ya goge bidiyo sama da miliyan 3.6 a Najeriya daga Janairu zuwa Maris na 2025, mafi yawansu tun kafin kowa ya kai ƙara.

Sai masu cewa an ƙera na'urar ne don a toshe bakin Musulmi. Ba za a ce ba su da madogara ba. A Mayun 2021 Instagram ya riƙa ɓoye rubuce-rubuce kan Masallacin Ƙudus saboda an rikita sunan Al-Aqsa da na wata ƙungiya mai ɗauke da makamai, kuma a Disambar 2023 Human Rights Watch ta tattara misalai sama da 1,000 na goge maganganun goyon bayan Falasɗinawa. Amma a Oktoban 2020, masu zanga-zangar EndSARS a Legas ma an liƙa wa hotunansu tambarin ƙarya, har Instagram ya nemi afuwa. A ganina sakaci da fifita wasu ƙasashe sun fi makirci yawa a nan, ko da yake wanda aka rufe wa shafi ba ruwansa da bambancin.

Babbar matsalarmu ba ta yawo a zauruka: na'urar ba ta jin Hausa sosai. Da tarin rubutu ake koya mata, kuma Hausar da ke intanet kaɗan ce in aka gwada da Turanci. Ga mu da rubutu ba ƙugiya, ga "gsky" da "slm", ga Hausar Sakkwato da ta Damagaram, ga saƙon murya. Uwa uba habaici da gugar zana, inda za a tunzura gari guda ba a furta kalmar zagi ko ɗaya ba. Sai ta goge wasan tobasai, ta ƙyale mai hura wutar rikici. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyar Facebook Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na kasafin Facebook na yaƙi da labaran ƙarya a Amurka yake ƙarewa a lokacin. A Yunin 2018, hotunan bogi sun yi ta yawo a Facebook lokacin rikicin Filato, kuma 'yan sanda sun shaida wa BBC cewa hotunan sun taimaka wajen janyo asarar rayuka.

Cewa babu mutum a aikin ma ba daidai ba ne. A Nairobi, kamfanin Sama ya ɗauki ma'aikata suna tace wa Facebook, cikinsu har da 'yar Najeriya Kauna Malgwi mai duba rubutun Hausa. A 2023 aka sallame su, sama da 180 suka garzaya kotu suna kukan abin da kallon bidiyon kisa kullum ya yi wa lafiyar ƙwaƙwalwarsu.

Batun an kori masu tantance labarai kuma, rabinsa ne gaskiya. Sanarwar shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ta 7 ga Janairun 2025 kan daina aiki da su ta fara aiki ne a Amurka, don haka ta shafi ɗan Nijar mazaunin Greensboro, amma ba ta soke aikin irin su Africa Check ga ɗan'uwansa da ke Kano ba.