Harafi guda a takardar kaya: ƙa'idojin jam'i a Ingilishi

Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko daga Ƙwanni zuwa Sakkwato ta Illela, da zarar ɗan kasuwa ya ƙetare iyaka, sai rasiɗai da takardun kaya su koma Ingilishi. A nan ne harafin «s» yake zama abin lura. Wanda ya yi lakwal da Faransanci ya saba rubuta shi a ƙarshen jam'i ba tare da furta shi ba. A Ingilishi kuwa ana rubuta shi, ana kuma jin sa. Bahaushe yakan ce «buhu goma», ya bar suna a tilonsa, amma Ingilishi bai yarda da haka ba: sai «ten bags».

Galibin sunaye «s» kawai ake ƙara musu. In sunan ya ƙare da s, x, z, sh ko sautin ch, sai a ƙara «es»: «box», wato akwati, ya zama «boxes», agogon hannu, «watch», ya zama «watches». In ya ƙare da «y» bayan baƙi, sai ta koma «ies»: «battery», «batteries», «lorry», «lorries». Bayan wasali kuwa ba a taɓa ta: «key», «keys». Wuƙa, «knife», takan zama «knives», amma rufin ɗaki, «roof», «roofs» ne. Tumatir «tomatoes» ne, rediyo kuma «radios».

Akwai tsofaffin kalmomin da ba su bin wannan layi, sai dai hadda: «man», «men», «foot», «feet», «child», «children». Tunkiya ɗaya da tumaki ɗari duk «sheep» ne. Naira ma ba ta ɗaukar «s». Ma'aikatan gwamnati kuma sukan yi tuntuɓe da «information», domin Faransanci yana yi mata jam'i, Ingilishi kuwa ba ya yi.

Inda abin ya fi shafar aljihu shi ne inda harafin yake sauya ma'ana ɗungurungum. «Good» abu mai kyau ne, «goods» kuwa haja. «Custom» al'ada ce, amma ofishin duwan «customs» ne. Wanda ya yar da wannan harafi a takardar da zai miƙa a bakin iyaka ya rubuta abin da bai nufa ba. Shi ya sa ya kamata mai kaya ya duba ƙarshen kowace kalma kafin ya sa hannu.