Kundin hotuna cikin kwamfuta

Tun da daɗewa mutane suna manna hotuna da wasiƙu cikin littafi, don tunawa da dangi. A shekara ta 1980, a birnin Salt Lake City na Amurka, wata mata mai suna Marielen Christensen ta nuna wa jama'a irin waɗannan kundaye guda 50 na gidansu. Mutane da yawa suka yi koyi da ita.

Yanzu ana yin wannan aiki da kwamfuta ko salula. Babu almakashi, babu danƙo. Mutum ya zaɓi hoto, ya rage shi ko ya ƙara girmansa, ya aza shi bisa shafi. Tsohon hoto na takarda kuwa, sai a ɗauke shi da salula ya shiga ciki. Sa'an nan a rubuta ƙarƙashinsa: wane ne, ina ne, wace shekara ce. Wannan rubutu shi ne babban aiki. In kaka ta rasu, wa zai faɗi sunan ƴan yaran da ke cikin hoton?

Gara ba ta cin wannan kundi. Amma salula tana lalacewa, kuma ana sace ta. Shi ya sa ake ajiye kundin wuri biyu, a kuma buga shafukan da aka fi so bisa takarda.