Kalmar Tuni a Wasan Golf

Golf wasa ne da ya samo asali a ƙasar Sikotland, inda ake bugun ƙaramar ƙwallo da sanda har a shigar da ita rami. Ƙwallon a ajiye take, ba mai tsaron gida, ba abokin hamayyar da zai ƙwace ta. Duk da haka, mutum yakan yi bugu mai kyau yanzu, jim kaɗan ya kasa maimaita shi. Sau da yawa matsalar ba daga jiki take ba, daga tunani take.

Daga ɗaga sanda zuwa taɓa ƙwallo kusan sakan 1 ne, saukowar sandar kuwa kusan kwatan sakan ce. A wannan ɗan lokaci ba yadda za a yi ƙwaƙwalwa ta umarci kafaɗa da ƙugu da gwiwa da wuyan hannu ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙoƙarin yin haka jikinsa yakan sandare. Shi ya sa masu koyarwa ke ba ɗan wasa abin da za a iya kira kalmar tuni, wato kalma ɗaya ko hoto ɗaya da zai riƙe a zuci lokacin bugu, ya bar wa jiki sauran aikin.

Amma ba kowace kalmar tuni ke da amfani ba. A shekarar 1999 masaniya Gabriele Wulf da abokan aikinta sun raba sababbin shiga kashi biyu. Aka ce wa kashi na farko su mai da hankali ga motsin hannuwansu, na biyu kuma ga lilon sandar. Na biyun suka fi dacewa da inda ake auna, lokacin koyo da kuma gwajin da aka yi musu daga baya. Bayanin da ake bayarwa shi ne, idan hankali ya koma kan gaɓoɓi yakan yi wa motsin da jiki ya saba katsalandan, idan kuwa yana kan sanda ko inda ƙwallo za ta faɗa, gaɓoɓin kan daidaita kansu. Mai daka ma turmi take kallo, ba gwiwar hannunta ba.

Akwai kuma kalmar tuni ta kari. John Novosel, a littafinsa Tour Tempo na 2004, ya nuna cewa ƙwararru kan ɗauki ninki 3 na lokacin saukowa wajen ɗaga sanda. Don haka wasu kan ƙirga a zuci, "ɗaya, biyu, uku" suna ɗagawa, su sauko a kan "huɗu".

Jack Nicklaus na Amurka, wanda ya ci manyan gasa 18, da hoto yake amfani. Kafin ya matso kusa da ƙwallo sai ya hango inda yake so ta tsaya, sannan hanyar da za ta bi a sama, daga ƙarshe irin bugun da zai kai ta can. Gyaran riƙo da tsayuwa kuwa aikin filin atisaye ne, ba a tunaninsu a tsakiyar gasa.